Zagaye Na Goma Sha Tara

Auta ce ta jawo maganar shawul ɗin. Ta zo gida ran wata Asabar da cikinta wata shida, ta baje a doguwar kujera, ta ɗora ƙafafu a kan filo, tana ta buɗe tsohon kundin hotuna wai tana so ta gano wa jaririn zai ɗebo a kamanni. Can ta tsaya a kan wani hoto da ya soma yin ja saboda tsufa. Jaririya ce kwance a kan farin shawul mai zagaye, saƙar kwarashi, ganyaye goma sha biyu sun fito daga tsakiyarsa kamar fure.

"Mama, wannan ni ce?"

"Ke ce mana. Wa kika gani da wannan goshin in ba ke ba?"

"To ina shawul ɗin yake?"

Mahaifiyarta ta leƙo ta saman tabarau. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke kiranta Malama, har mijinta. Ta karɓi kundin ta ɗan jima tana kallo.

"Inna ce ta saƙa shi, kakarki. Aro ya cinye shi. Duk wadda ta haihu a dangi sai ta aiko a ba ta, daga ƙarshe aka rasa hannun da ya maƙale."

"Ni dai irinsa nake so. Ba na son na kantin nan masu hoton agwagwa. Yanzu kowa tsohon yayi yake nema, Mama. Ki saƙa min."

"Rabona da kwarashi ya fi shekara ashirin."

"Hannu ba ya mantawa."

Ranar Litinin, bayan mijinta ya tafi shagonsa na gyaran agogo, ta shiga ƙaramin ɗaki ta yaye zanen da ke rufe da keken ɗinkin Inna. Baƙin keke ne na ƙafa, furannin ruwan zinare na jikinsa sun goge a wajen da hannu ke taɓawa. A aljihunsa na ƙasa ta sami gwangwanin biskit cike da maɓallai, da kwarashi uku naɗe a ƙyalle, da wani ɗan littafin saƙa wanda bangonsa ya cire aka ɗinke shi da baƙin zare. Shafi na takwas ga shawul ɗin nan, hotonsa baƙi da fari, a ƙasa kuma bayani zagaye bayan zagaye da ƙananan haruffa.

Auta ta yi gaskiya, hannun bai manta ba. Kwana biyu yatsunta suka yi suna gardama, a na uku suka saki. Takan zauna kusa da taga da hantsi, ƙwallon farin zare a cikin kwano don kada ya gangara ƙarƙashin kujera, littafi a kan cinya, ta danne layin da take kai da tsohuwar rularta ta aji. Saƙar iri biyu ce kawai: sarƙa, da tsayayyun nan da Inna ke kira sanduna. Har zagaye na goma sha takwas abin ya kwanta lumui kamar an bi shi da dutsen guga. Mai Agogo, mijinta, in ya dawo cin abincin rana sai ya ɗaga shi ya duba ta haske ya ce, "Malama, ashe akwai sauranki."

A zagaye na goma sha tara littafin ya ce, in an gama a ƙirga, a sami idon saƙa ɗari biyu da goma sha shida. Ta ƙirga ta sami ɗari da casa'in da biyu.

Ta yi dariya ma. Ta ce wa kanta rediyo ne ya ɗauke mata hankali. Ta warware zagayen, ta kashe rediyo, ta sake. Ɗari da casa'in da biyu. Ta ce bari ta ci gaba ko abin zai daidaita a gaba. Kafin ta yi zagaye biyu bakin shawul ɗin ya ɗago ya lanƙwaso ciki, ya zama kamar hular wani ƙaton kai.

Ta warware har zuwa na goma sha biyar, ta ce wataƙila tun can ta yi ɓarin ido. Ta sake hawowa a hankali tana ƙirgawa da baki. Ɗari da casa'in da biyu. Ta sake ƙirgawa ta sami ɗari da casa'in. Ta sake, ɗari da casa'in da uku. A nan ne ta ajiye kwarashin.

Da saƙa ciwon Inna ya fara. Mace ce da ke kallon riga a jikin mutum a titi ta dawo gida ta yanka irinta ba tare da awo ba. Rana ɗaya ta saƙa wa jika safa, ɗaya ta fito ta jariri ɗaya ta babban mutum, aka yi ta dariya har da ita. Bayan wata shida Malama ta same ta zaune da kwarashi a hannu tana jujjuya shi, ta ɗago ta ce, "Wannan na mene ne?" Daga nan sai sukari a cikin akwatin takalma, sai fita ba ta san hanyar dawowa ba. Shekara biyar Malama ta yi tana jinyarta a wannan ƙaramin ɗakin. A shekarar ƙarshe, in ta kawo mata shayi, Inna kan karɓa da hannu biyu ta ce, "Sannu baiwar Allah, ke 'yar gidan wa?" Tana da shekara sittin da shida abin ya soma. Malama tana da sittin da biyu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tura saƙar cikin jaka, in Mai Agogo ya tambaya ta ce tana hutar da ido. Amma da ya fita sai ta ciro. Sau shida ta warware zagayen nan a cikin mako biyu, har zaren ya yi gashi-gashi, farinsa ya koma ruwan toka.

Ta soma gwada kanta. Ta tuna likitan Inna yana sa ta ƙirga daga ɗari a koma baya ana cire bakwai-bakwai, sai ta riƙa yi tana wanke-wanke: casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara. Ta kai ƙarshe ba tuntuɓe, sai kuma ta ce ai wannan ba gwaji ba ne ga wadda ta ƙare rayuwarta a gaban allo. Ta jero sunayen 'yan ajinta na ƙarshe, talatin da takwas suka zo, biyu suka ƙi. Ranar da ta nemi makulli ta same shi a jikin ƙofa, sai da ta zauna a bakin gado ta dafe ƙirji. Ranar da ta shiga kicin ta tsaya ba ta san abin da ya kawo ta ba, ta jingina da firji ta yi hawaye, ga tukunya na tafasa ba ta ko kula ba.

Sai ta shiga shiri. Ta tattara takardun gida da na fanshonta ta sa a ambulan ɗaya. Ta rubuta sunan kowane magani na Mai Agogo da lokacin shansa da manyan haruffa ta manna a jikin kabad. Wata safiya ta kira shi kicin.

"Zo ka ga yadda ake kunna wannan. Ka murɗa nan tukuna, sannan ka kyasta."

Ya tsaya da kofin shayi a hannu yana kallonta. Mutum ne marar yawan magana, shekara arba'in yana sunkuye a kan ƙananan ƙarafuna.

"Malama, yaji za ki yi?"

"Kawai ya kamata ka iya."

"Shekara talatin da tara ban iya ba, me ya faru yau Talata?"

"Ka murɗa dai."

Ya murɗa, ya kyasta, wuta ta kama. Ya kashe. Ya ce, "Ko wani abu likita ya gaya miki?" Ta ce ita ba ta je wajen wani likita ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi, amma ranar sau uku ya buga mata waya yana tambayar abubuwan da ba su da kan gado.

Auta ma ta bugo. "Mama, ina aka kwana? Turo min hoto in gani."

"Ba a nuna aiki sai an gama."

"Saura wata biyu da rabi fa."

"Na sani. Ni na koya miki ƙirga."

Da ta ajiye wayar ta ciro saƙar ta ga zaren ba zai ƙara jure wata warwarar ba. Ta yafa mayafi ta sa jakar a hammata ta tafi shagon Mai Zare.

Mai Zare ƙawarta ce tun suna makarantar 'yan mata, gado ɗaya ke tsakaninsu a ɗakin kwana. Shagonta siriri ne, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace. Kwalaben maɓallai jere har rufi, leshi naɗe a kan kwali, zif rataye kamar jelar ɓeraye, ita kuma a can ƙurya kan doguwar kujera, ƙatuwa, da tef ɗin awo a wuya ko da ba abin da za ta auna.

"A'a, Malama da kanta! Wa ya mutu?"

"Farin zare nake so, irin na rannan. Ƙwallo biyu."

"Shida kika ɗauka rannan. Tanti kike saƙawa?"

Malama ta yi murmushin da bai kai ido ba. Mai Zare ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa hannu ta fizge jakar daga hammatarta kamar yadda take fizge mata biskit suna yara. Ta zaro saƙar ta ɗaga.

"Wannan zaren ya sha wuya. Sau nawa kika warware shi?"

"Shida."

"Ke? Shida?"

Akwai wata mata a shagon tana zaɓen maɓalli, sai da ta biya ta fita sannan Malama ta zauna a kan kwalin leshi. Ta buɗe baki ta ce zagaye na goma sha tara ne. Ta faɗi komai, da makulli, da kicin, da sunaye biyun da suka ƙi zuwa. Ta ce, "Irin na Inna ne, ƙawata. Haka nata ya fara. Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Ranar da Auta za ta miƙo min ɗanta in tambaye ta ɗan wa ne, ita nake tsoro."

Mai Zare ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta tashi ta janyo ƙofar shagon ta rufe rabi, ta dawo ta ce, "Ba ni littafin."

Ta sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, don na ƙasan ya daina yi mata aiki kuma ta ƙi rabuwa da shi. Ta warware zagayen da Malama ta yi, ta ɗauki kwarashi ta kama. Hannunta mai ƙiba ne amma yana tafiya kamar injin. Malama na zaune tana kallon kwalaben maɓallai. Wani ya leƙo yana neman allurar keke, Mai Zare ta ce masa ba ta nan. Minti arba'in Mai Zare ta yi tana saƙawa.

"To, na gama. Sanduna goma sha uku a kowane ganye, sarƙa uku a tsakani, yadda ya ce. Ƙirga min."

"Ke ki ƙirga."

Mai Zare ta ƙirga da bakin kwarashi, tana motsa leɓe. Ta kai ƙarshe ta ɗago.

"Ɗari da casa'in da biyu."

Malama ta dube ta.

"To ko dai ni ma na kamu," in ji Mai Zare, "ko kuma mu biyu lafiyarmu lau. Kuma ni dai na san jiya na tuna wa surukina wata magana da ya faɗa shekara goma sha ɗaya da ta wuce, kalma da kalma, har sai da ya bar min falon." Ta yago bayan kwalin zif ta miƙa mata da biro. "Ke ba lissafi kika koyar ba? Yi min. Ganye nawa?"

"Goma sha biyu."

"Kowanne?"

"Sha uku da uku, sha shida." Biron ya tsaya a sama, bai ma taɓa kwalin ba. "Sha shida sau sha biyu, ɗari da casa'in da biyu." Sannan a hankali, kamar mai karanta wasiƙa, "Ɗari biyu da sha shida a raba gida sha biyu, sha takwas. A cire sha uku." Ta ɗago. "Biyar. Sarƙa biyar ne. Ba uku ba ne. Sun buga uku a wurin biyar."

"Sun buga uku a wurin biyar," in ji Mai Zare. "Wani ɗan taliki mai jera haruffa yana jin yunwa, shekara hamsin da ta wuce, ya ɗauki uku ya sa ya tafi cin abinci. Ke kuma kina can kina koya wa mijinki kunna wuta."

Dariyar da ta zo wa Malama ba irin tata ba ce. Ta fito da ƙarfi, ta shaƙe ta, ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Kwalin leshin da take kai ya lotsa, ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kantar shagon, ta kasa tashi. Mai Zare na ta ɗura mata ruwa a kofi tana zaginta.

"Wawiya kawai. Mako biyu! Lissafin da 'yar aji huɗu za ta yi."

"Ban taɓa kawowa littafin ne ba. Shekara talatin da huɗu ina gaya wa yara, in amsarka ta saɓa da ta littafi kai ne za ka sake dubawa."

"To ga shi kin sake dubawa sau shida. Allah ya isar wa yaran nan."

Malama ta sha ruwan ta goge fuska da gefen mayafi. Sai wani abu ya faɗo mata, ta kama hannun ƙawarta.

"Kin san Inna ba ta karatu. Ni nake karanta mata littafin nan ina da cikin Auta, tana zaune tana saƙawa. Na tuna wata rana na karanta mata wani layi, ta shimfiɗa aikin a cinya ta dube shi ta ce, 'Wannan littafin naku rowa gare shi.' Ta ci gaba da abinta. Ni na ɗauka zancen tsofaffi ne."

"Ta ƙara biyu da ido ba ta gaya wa kowa ba."

"Kin ga na tuna wannan ma."

"Na gani. Tashi min daga ƙasa kafin a ce na buge ki."

Daga shagon gida ta nufa, amma ba ta zauna ba. Ta ɗauko hoton daga kundi, ta wuce shagon Mai Agogo. Rabonta da zuwa wurin ya fi shekara. Yana sunkuye ƙarƙashin fitilarsa, agogunan bango goma sha wani abu suna ta bugawa kowanne da lokacinsa. Da ya gan ta ya miƙe har ya ture kwalbar mai.

"Lafiya?"

"Ba ni gilashin idon nan naka."

Ya ciro ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya miƙa mata. Ta kasa riƙe shi da fatar ido, ya riƙe mata. Ta sunkuya a kan hoton, ta bi gefen shawul ɗin daga ƙafar jaririya, ta ƙirgo zagaye har na goma sha tara. Hoton ya dushe amma ana gani. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Ta zauna a kan bencin masu jira ta ba shi labari tun daga farko. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ɗauki tsumma ya goge man da ya zube, ya daɗe yana gogewa bayan wurin ya bushe.

"Ni na zaci wani mugun ciwo aka gano miki kike ɓoyewa," ya ce. "Mako guda ke nan duk agogon da na buɗe sai na rufe shi ban taɓa ba. Ga su nan jere." Ya nuna da haɓa. "Da kin faɗa min."

"Me za ka yi?"

"Ban sani ba. Da mun ji tsoron tare."

Ta dubi ƙasa. Ya ce duk da haka sai sun je asibiti, don makulli da kicin ba littafi ne ya buga su ba. Ta so ta yi gardama, sai ta dubi agogunan da ya jere bai taɓa ba, ta ce to.

Ranar Alhamis suka je. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Ta ba Malama kalmomi biyar ta riƙe, ta sa ta zana fuskar agogo, Mai Agogo na gefe yana leƙe har sai da aka ce ya koma ya zauna. Ta sa ta ƙirgan bakwai-bakwai, Malama ta zubo shi har likitar ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Aka ɗebi jini. Da suka koma bayan kwana huɗu likitar ta ce ba ta ga abin damuwa ba. Ta ce wanda ya sa wa kansa ido haka, ba ya barci sosai, ba ya cin abinci, dole ya manta makulli. Ta ce tunda akwai ciwon a dangi, ta riƙa zuwa duk shekara a duba, kuma ta canza tabarau don wannan ya yi mata rauni.

"Shi ke nan?" in ji Malama.

"Shi ke nan, Mama. Sai dai kin bar ni da kunya, ni sai na yi tunani kafin in cire bakwai daga sittin da biyar."

A hanyar dawowa Malama ta ce yunwa take ji. Suka tsaya a wani ɗan gidan abinci, ta cinye nata ta ja rabin nasa.

Da sabon zare ta sake farawa tun daga tsakiya, don tsohon ya gama yawo. Kafin ta fara ta ɗauki jan biro, ta buɗe shafi na takwas, ta soke ukun ta rubuta biyar a sama. Zagaye na goma sha tara ya zo ya wuce ranar wata Laraba da hantsi. Ta ƙirga sau ɗaya, ɗari biyu da goma sha shida, ta shimfiɗa shi a kan tebur ya kwanta. Ta tashi ta dafa shayi ta sha a tsaye tana kallonsa.

Daga nan aiki ya yi gudu. Da ta ga akwai sauran lokaci ta zuba wa keken Inna mai, Mai Agogo ya canza masa bel, ta buɗe shafin baya na littafin ta yanka 'yar rigar jariri ta tsohon yayi, doguwa, mai tattara a ƙirji da siririn leshi a wuya. Wannan karon sai da ta auna kowane awo da tef ta lissafa a takarda kafin ta sa almakashi. Ta zazzage gwangwanin biskit a faranti ta tsinto ƙananan maɓallai huɗu masu sheƙi, uku iri ɗaya, na huɗun ya ɗan fi su girma. Ta sa shi a can ƙasa inda ba mai gani.

Auta ta ji labarin ne a bakin Mai Zare, wadda ba ta iya riƙe magana ba ko ta kwana ɗaya. Ta zo gidan da cikinta wata takwas, tana tafiya tana dafa bango, tun daga ƙofa take faɗa.

"Mama, yanzu fisabilillahi abin da kika yi ya dace? Ina bugo waya kina ce min ba a nuna aiki!"

"Da cikin nan zan ɗora miki?"

"To ni 'yar wa ce? In da gaske ne fa? Sai yaushe za ki faɗa?"

Malama ta ja ta ta zaunar, ta sa mata filo a baya. Auta ta yi kukanta ta gaji, ta sa uwar ta yi alkawari ko ciwon kai ne za ta faɗa. Sannan ta share ido ta ce, "To ina yake?"

Malama ta kai ta babban ɗaki. Da safen nan ta gama zagaye na ƙarshe, ta wanke shawul ɗin da ruwan ɗumi, ta shimfiɗa tawul biyu a kan gadonsu, ta miƙe shi a kai, ta kafe kowane tsini na bakinsa da fil don ya bushe a miƙe. Ya cinye gadon kusan gaba ɗaya. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da hannu. Ta matso za ta taɓa, Malama ta buge hannun.

"Da danshi. Sai jibi."

Mai Agogo ya shigo daga shago a lokacin, ya cire takalmi, ya nufo ɗakin don ɗan kishingiɗar da yake yi bayan abincin rana. Ya tsaya ya dubi gadon, fil sun fi ɗari a tsaye.

"Malama, ni kuma ina zan kwanta?"

"Akwai doguwar kujera."

"Auta na kai."

"To akwai ƙasa."

Ya dubi 'yarsa ko za ta sa baki, ya ga ita rigar jaririn take jujjuyawa tana shafa tattarar da yatsa. Ya ɗauki filonsa daga gefen gadon a hankali, don kada ya taɓa ko fil ɗaya, ya sa a hammata ya fita falo.